Naman Kaza: Hukuncin Cinsa, Amfaninsa Ga Jiki Da Fata, Da Inda Haɗarinsa Yake

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya fitar mana da abinci daga cikinta, wani da gumin goshinmu, wani kuma kyauta ba tare da mun shuka ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, ranar Asabar ɗin da ta wuce, da muka tashi daga karatun mata a nan Nima, wata Hajiya ta tsayar da ni a ƙofar masallaci da ƙullin leda a hannunta. Ta buɗe, sai ga naman kaza fari tas, irin wanda ake nomawa a ɗaki. Ta ce 'yarta ce ta sayo, don ta gani a waya ana cewa yana sa fata ta yi haske, yana kuma maganin hawan jini. Shi kuwa maigidan ya ce kada a kuskura a sa masa a miya, domin shi bai gaji cin laimar kwaɗi ba. Sai ta ce: "Malam, tambayata uku ce. Ya halatta a ci? In ina ci, zan iya ajiye ƙwayar hawan jinina? Kuma gaskiya ne yana gyara fata?"

Na ba ta amsa a taƙaice a wurin, amma na ga ya kamata in faɗaɗa a rubuce, domin abin ya fara shiga gidajenmu, kuma kuskure a ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku yana iya kai mutum asibiti.

Mene ne naman kaza?

Hausawa suna da suna biyu ga wannan tsiro. Wanda ake ci, ana ce masa naman kaza. Wanda ake gani a jikin ruɓaɓɓen itace ko a kan juji bayan ruwan sama, ana ce masa laimar kwaɗi, kuma tun muna yara iyayenmu ke hana mu taɓa shi. Maƙwabtanmu Tonawa suna ce masa mmire, sun daɗe suna sa shi a miya. Duk wanda ya bi hanyar Ankara zuwa Kumasi a farkon damina ya ga mata da yara a bakin titi suna ɗaga shi ga matafiya, ɗaure a ganye.

Ba ya cikin jinsin ganye ko itace, domin ba shi da kore, ba ya yin abincinsa daga hasken rana. Ɗan'uwan yis ne da ake kwaɓa burodi da shi, ɗan'uwan furfurar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ainihin jikinsa wasu zare ne farare, sirara, da ke ɓoye a cikin ƙasa ko cikin itace suna cin abin da ya ruɓe. Laimar da muke gani a waje kamar 'ya'yan itaciya take, tana fitowa ne don ta watsa iri.

Iri uku aka fi sani a Gana. Na farko shi ne na suri. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta: tana tauna ciyawa da itace ta tara masa, shi kuma ya narkar mata da abin ya zama abincinta, in ruwa ya sauka sai ya huda ƙasa ya fito. Subhanallah, ƙwaro ya riga ɗan Adam wannan noma. Na biyu shi ne domo, wanda ke fitowa a jikin itacen kwakwar manja da aka sare ya fara ruɓewa. Na uku shi ne oista, mai faɗi kamar kunne, wanda ake nomawa a leda, kuma shi ne wanda Hajiya ta nuna mini.

Hukuncinsa a shari'a

Ƙa'idar malamai ita ce, abin da ƙasa ta fitar halal ne, sai wanda yake cutarwa, ko yake gusar da hankali, ko yake najasa. Naman kaza mai kyau bai shiga ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Sunan nama da Hausawa suka sa masa kada ya rikita kowa: ba dabba ba ne, ba shi da jini, ba ya bukatar yanka. Kasancewar kakanninmu a wasu garuruwa ba su saba cinsa ba, ko kuma mun gan shi a tukunyar wata ƙabila, ba ya haramta shi. Wanda ransa bai so ba yana da damar bari, kamar yadda Annabi (SAW) ya bar cin damo don ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, amma bai hana sahabbai ci ba. Saboda haka maigidan Hajiya yana da hakkin ya ce ba ya so. Abin da ba shi da hakki a kai shi ne ya kira shi haram.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'idu ɗan Zaidu cewa Annabi (SAW) ya yi maganar wani tsiro da Larabawa ke kira kam'a, ya sanya ta cikin mannu, ya kuma bayyana cewa ruwanta waraka ne ga ido. A ruwayar Tirmizi daga Abu Huraira an faɗi dalilin maganar: wasu sahabbai ne suka ƙyamace ta, suna kiranta agana ta ƙasa, sai Annabi ya gyara musu fahimta. Malamai da yawa sun ce an haɗa ta da mannu ne saboda tana samuwa ba shuka, ba ban ruwa, kamar yadda mannu ya riƙa saukar wa Banu Isra'ila ba da wahalarsu ba.

A nan sai mu yi amana da hadisi. Kam'a 'yar'uwar naman kaza ce, amma ba ita ce shi ba. Tana girma a ƙarƙashin yashi a hamada, a dunƙule kamar dankali, ba ta da laima ba ta da kara. Lokacin da muke karatu a Saudiyya na gan ta a kasuwa a shekarar da aka samu ruwa, suna ce mata faƙa'u, kuma tsadarta ta fi ta nama. Mutanen Aljeriya da Maroko suna ce mata tarfas. Hadisin ya nuna mana wannan dangi na tsiro ni'ima ne, ba abin ƙyama ba. Amma maganar ido ta kam'a ce, kuma ko a kanta malamai irin su Nawawi da Ibnul Ƙayyim da Ibnu Hajar sun kawo saɓani, ko ruwan ana amfani da shi tsagwaronsa ne ko a haɗe da wani magani. Don haka kada wani ya matse oista ko laimar bayan gida a idonsa ya ce yana bin Sunna. Ido ba wurin gwaji ba ne. Mai ciwon ido ya tafi wajen likitan ido.

Akwai tambayoyi biyu da na san za su biyo baya. Ta farko a kan domo: sau da yawa ana sare kwakwar manja ne don a tatsi bammi, to, domon da ya fito a jikin wannan itace fa? Halal ne, domin ba ya sa maye, kuma laifin mai tatsar bammi ba ya bin itace ya shiga tsiro. Ta biyu a kan irin da ake nomawa da taki: a mazhabarmu ta Malikiyya, shukar da aka yi wa taki ko ban ruwa da najasa mai tsarki ce, sai dai a wanke abin da ya maƙale a jikinta. Wanda ya haramta shi ne mai guba, da kuma wani iri da wasu matasa a ƙasashen Turai da Amurka ke ci don hankalinsu ya gushe su riƙa gane-gane. Wannan hukuncinsa hukuncin kayan maye ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa.

Abin da ke cikinsa

In ka auna ɗanyen naman kaza giram 100, kusan giram 90 ruwa ne. Ba shi da kitse sai ɗan abin da ba a rasa ba, ba shi da kolestarol, sukarinsa kaɗan ne. Kuzarin da ke cikinsa kalori 20 zuwa 35 ne kawai, alhali dafaffiyar shinkafa mai wannan nauyi tana da kusan 130. Yana cika ciki ba ya ƙara ƙiba, shi ya sa ya dace da mai ciwon sukari da mai son rage jiki.

Yana da furotin kamar giram 3 a cikin giram 100. Wannan ya fi na yawancin kayan lambu, amma dafaffen wake yana da kusan giram 8, dafaffen naman sa kuwa ya haura 25. Don haka masu cewa ya maye gurbin nama sun ƙara gishiri. Yaro mai tasowa da mace mai ciki suna bukatar wakensu da kifinsu da ƙwansu. Naman kaza ƙari ne a kai.

Inda ya yi fice shi ne bitamin na rukunin B. Giram 100 na oista yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na bitamin B3 da babban mutum ke bukata a yini, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bitamin B2. Yana kuma da sinadaran potasiyam da tagulla da seleniyam, da wani irin harza mai suna bita-gulukan wanda ke taimaka wa hanji, wanda masu bincike ke nazarin yadda yake motsa garkuwar jiki. Akwai kuma wani sinadari mai suna agotiyonin, wanda aka gano a Faransa a 1909. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi, sai daga abinci, kuma naman kaza ya fi kowane abinci yawansa. Aikinsa kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa.

Wani abin mamaki shi ne bitamin D. Kamar yadda fatar mutum ke samar da shi in rana ta taɓa ta, haka naman kaza yake yi. In aka yayyanka shi aka shanya a ranar tsaka na rabin awa zuwa awa guda kafin a dafa, bitamin D ɗinsa yana ƙaruwa sosai, kuma dahuwa ba ta ƙarar da shi. Wannan abin lura ne ga tsofaffinmu da ba sa fita, da matan da ke yini a ɗaka a lungunan Nima da Mamobi, inda gidaje suka cushe har rana ba ta leƙa wasu ɗakuna.

Hawan jini da ƙwayar Hajiya

Hawan jini ya yi yawa a cikinmu. Binciken da aka tattara a Gana ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na manya suna da shi, da yawa kuma ba su sani ba sai ranar da suka faɗi. Ɗaya daga cikin manyan dalilansa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. To, mu duba tukunyarmu: gishiri, dunƙulen magi uku ko huɗu, busasshen kifi mai gishiri, ga shito a kan waken safe.

A nan naman kaza yake da taimako ta hanya biyu. Ta farko, gishirinsa kaɗan ne ƙwarai, potasiyam ɗinsa kuma da yawa, kamar miligiram 300 zuwa 400 a giram 100, kusan daidai da ayaba, shi kuwa potasiyam yana taimaka wa jiki ya fitar da gishiri ta fitsari. Ta biyu, yana da ɗanɗanon nan na daddawa da romon nama a halittarsa, don haka in ya shiga miya, uwargida tana iya rage magi da gishiri ba tare da maigida ya ce miya ta yi lami ba. Wanda kuma ya raba naman miyarsa biyu, ya cike rabin da naman kaza, ya rage kitsen da ke shiga jikinsa.

Masana sun yi nazari a kan masu yawan cinsa. A 2021 masu bincike na Jami'ar Jihar Fensilbeniya a Amurka sun tattara bincike 17, suka ga masu cin kamar giram 18 a kullum ciwon daji ya fi ƙaranci a cikinsu da kashi 45 cikin 100 in aka gwada da waɗanda ba sa ci. A 2019 wani bincike a Singafo a kan tsofaffi fiye da 600 ya ga masu cin fiye da kaso biyu a mako ba su cika samun raunin tunani na tsufa ba kamar sauran. Amma mu fahimci irin wannan bincike: an duba abin da mutane ke ci ne, aka duba lafiyarsu. Mai yiwuwa masu cin naman kaza su ne kuma masu cin ganye da motsa jiki. Alama ce mai kyau, ba ta kai hujjar cewa yana warkar da ciwo ba.

Saboda haka amsar da na ba Hajiya ita ce: ki ci, amma kada ki ajiye ƙwayarki. Na san wani bawan Allah a unguwar nan da ya bar maganin asibiti ya koma shan wani kofi mai garin laima da ake tallarsa da sunan yana maganin komai. Bayan 'yan watanni ɓarin jikinsa ya shanye, yau sai an ɗaga shi ake yi masa alwala. Neman magani Sunna ne, kuma wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya, likita ne zai sauke shi.

Maganar fata

Fata tana sabunta kanta kullum, kuma da abin da muka ci take gina kanta. In wani sinadari ya yi ƙaranci, sau da yawa a fata ake fara gani. Ƙarancin bitamin B2 yana sa gefen baki ya tsage, leɓe ya bushe, gefen hanci ya riƙa saɓa. Ƙarancin bitamin B3 yana kawo ciwon da likitoci ke kira felagira, inda wuya da bayan hannu da duk inda rana ke duka yake yin baƙi, ya yi kaushi, ya tsattsage, tare da gudawa da rikicewar tunani. An san wannan ciwo a wuraren da talaka ya dogara da masara kaɗai, domin B3 ɗin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya ɗaukarsa yadda ya kamata. Mu da ke cin koko da safe, banku da rana, tuwon masara da dare, muna bukatar mahaɗin da zai cike wannan giɓi: gyaɗa, wake, kifi, da naman kaza.

Tagullar da ke cikinsa tana cikin abin da jiki ke amfani da shi wajen ɗaure zaren da ke riƙe fata ta yi ƙarfi, da warkar da rauni. Seleniyam da agotiyonin suna cikin masu kare fata daga ɓarnar zafin rana da hayaƙi. To, wannan shi ne gyaran fatar da naman kaza yake yi: yana ciyar da ita ta yi laushi da sheƙi a kan launin da Allah ya yi ta. Ba ya mayar da baƙi fari. Hasali ma tagulla tana cikin abin da jiki ke ƙera launin fata da shi.

Daga ina maganar haske ta fito? Akwai wani sinadari mai suna kojik da ake samu daga wata furfura da mutanen Japan ke tsima shinkafa da waken soya da ita, ana sa shi a wasu sabulai da mayukan ƙara haske. Da yake furfura da naman kaza dangi ne, sai 'yan talla suka haɗa su, suka ce ci naman kaza ki yi fari. Ƙarya ce ta neman kuɗi.

A nan nake son iyayenmu mata da 'ya'yanmu su saurare ni da kyau, domin abin da ya kai 'yar Hajiya kasuwa neman haske ne, kuma wadda ta nemi haske a miya ba ta samu ba, gobe kantin mai za ta nufa. Shafe-shafe ya yi mana ɓarna a Zango, har a cikin samari. Tun watan Agusta na 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana, FDA, ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin haidirokwinon. A 2018 hukumar ta yi gargaɗi a kan mata masu ciki da ke shan ƙwayoyi wai don jaririn ya fito fari. Waɗannan mayuka, wasu da haidirokwinon, wasu da sitiroyid, wasu da sinadarin makuri, suna sa fata ta yi siriri har likita ya kasa ɗinke ta in an yi tiyata, suna barin baƙin tabo a kumatu da gaɓoɓin yatsu wanda ba ya fita, makuri kuma yana lalata ƙoda. Launin da ke fatarmu shi ne garkuwarmu daga ranar wannan ƙasa, kuma Alƙur'ani ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Jiki amana ne, cutar da shi da gangan ba ya halatta. Ku kuma maza, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke yabawa, domin yawancin masu shafawar nan bakinku suke bi.

Wadda ke son fatarta ta yi kyau, ga hanya mai araha: abinci mai ganye da wake da kifi da naman kaza, ruwa isasshe, barci, man kaɗanya, da barin mai mai guba.

Inda haɗarin yake

Iyayenmu da suka hana mu taɓa laimar kwaɗi ba su yi kuskure ba. A cikin wannan dangi akwai masu kisa, kuma wasunsu sun yi kama da na ci har gwani yana iya ruɗewa. Kama da wane ba ta wane. Akwai wata babbar farar laima da ke fitowa a filayen ciyawa bayan ruwa a ƙasashe masu zafi, wadda ƙarƙashinta ke komawa kore-kore in ta manyanta. Tana sa amai da gudawa mai tsanani cikin 'yan awanni. Akwai kuma waɗanda suka fi ta sharri, masu gubar da ke cin hanta. Waɗannan ba sa nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24. Mutum ya yi amai da gudawa, sannan ya ji sauƙi kwana ɗaya har a ce ya warke, alhali hanta tana mutuwa, a rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi rawaya. Tafasawa ba ta kashe wannan guba, suya ba ta kashe ta, shanya ba ta kashe ta. A bazarar 2018, a yammacin Iran, fiye da mutum 1,000 aka kai asibiti saboda cin laimar daji, wasu kuma ba su dawo gida ba.

Kada a dogara da gwaje-gwajen da ake yaɗawa: wai in cokalin azurfa bai yi baƙi ba babu guba, ko in ƙwari da katantanwa sun ci to mutum ma zai ci, ko wai mai guba yana da ɗaci ko launi mai ban tsoro. Duk babu gaskiya a ciki. Matan ƙauye da ke tsintar na suri da domo sun koya ne daga iyayensu shekara da shekaru, suna sanin wuri da lokaci da ƙamshi. Mu 'yan birni ba mu da wannan sani. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da ka gani a bayan gida, ko a maƙabarta, ko a bakin gwata, ka bar shi inda yake, ka kuma gargaɗi yara.

Ko iri mai kyau ne, wurin da ya tsiro yana da muhimmanci, domin naman kaza yana zuƙar ƙarafa masu guba irin su makuri da dalma daga ƙasa ya tara a jikinsa. Wanda aka tsinto kusa da ramukan galamsi, ko juji, ko inda ake ƙona tarkacen waya, a guje shi.

In aka yi tsautsayi wani ya ci wanda ba a sani ba, kada a jira alama, kada a tsaya ba shi manja ko madara. A kai shi asibiti nan take, Babban Asibitin Mamobi ko Rij ko Kolebu, a tafi da ragowar abin da ya ci don likitoci su gani.

Masu ciwon ƙoda da aka hana su abinci mai potasiyam su tambayi likitansu kafin su ci. Wanda ya ci ya ga ƙaiƙayi ko kumburi, jikinsa bai karɓa ba, sai ya bari.

Yadda za a saya, a ajiye, a dafa

Hanya mafi aminci ita ce a sayi wanda aka noma. Tun 1990 aka kafa shirin bunƙasa noman naman kaza na ƙasa a Cibiyar Binciken Abinci ta hukumar CSIR a nan Ankara, kuma masana irin su Farfesa Mary Obodai sun shafe shekaru suna wannan aiki suna koyar da manoma. Ana tara garin katako, galibi na itacen wawa, a haɗa da dusar shinkafa da ɗan farar ƙasa, a bar shi ya ruɓe na wasu makonni, a ɗura a leda, a turara a cikin duro don kashe ƙwayoyin cuta, sannan a zuba irin da aka raina a jikin ƙwayar dawa. Bayan kamar wata ɗaya farin zare ya cika ledar, sai a buɗe bakinta a ɗaki mai inuwa da laima, a riƙa yayyafa ruwa, cikin 'yan kwanaki a fara girbi, a yi ta tsinka har wata biyu ko uku. Ba ya bukatar gona. Ɗan rumfa a bayan gida ya isa. Ina kira ga matasanmu da ƙungiyoyin mata su je su koyi wannan sana'a a wajen masu ita, domin halal ce, jarinta kuma bai kai na shago ba.

Wajen saye, a zaɓi mai ƙarfi, marar yauƙi, marar wari. Ba ya jure zafi: in babu firij a dafa shi a ranar, in akwai kuma a sa shi a takarda, ba a ƙullalliyar leda ba, kada ya wuce kwana uku zuwa biyar. In ya yi yawa a yayyanka a shanya ya bushe ƙarau, a adana a kwalba, ko a daka ya zama gari a riƙa barbaɗawa a miya kamar daddawa.

A wanke shi da sauri, kada a jiƙa, don yana shan ruwa. Kada a ci shi ɗanye, a dafa shi ya nuna. Ana iya soya shi da albasa da ɗan mai har ruwansa ya tsane, sannan a zuba a miyar ayoyo ko kuɓewa ko miyar gyaɗa minti goma kafin a sauke. Yana shiga miyar kontomire, yana shiga wainar ƙwai, ana ma soka shi a tsinke a barbaɗa yajin ƙuli a gasa kamar tsire. Cikin tafin hannu biyu, sau biyu ko uku a mako, ya wadatar.

Kammalawa

Ga amsar tambayoyin Hajiya a dunƙule. Naman kaza mai kyau halal ne, wanda ba ya so ya bari ba tare da ya haramta ba. Abinci ne mai taimakon mai hawan jini da mai sukari, amma ba ya ɗauke wa kowa maganin asibiti. Yana ciyar da fata ta yi lafiya a kan launinta, ba ya sa haske, kuma hasken da ake saye a kwalba ƙarshensa nadama ce. Wanda ba a san asalinsa ba, a bar shi. Na roƙi Hajiya ta gaya wa 'yarta cewa Malam ya ce ta dafa abinta ta ci da bismillah, ta kuma gode wa Allah a kan fatar da ya ba ta.

Allah ne mafi sani. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ciyar da mu halal, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.